Salman Reis: Jagoran sojin ruwan da ya tare ƙofar Makka a 1517

A watan Afrilun 1517, wanda ya zo daidai da shekara ta 923 bayan Hijira, mutanen Jidda suka hango ayarin jiragen yaƙi ya tsaya a bayan duwatsun da suka kewaye tashar garinsu. Jiragen na Turawan Fotugal ne, a ƙarƙashin Lopo Soares de Albergaria, gwamnan yankunan da ƙasarsa ta kama a Indiya. Daga gaɓar Jidda zuwa Ka'aba kuwa tafiyar kwana biyu ce a kan raƙumi.

Da wuya a sami lokacin da ya fi wannan muni ga garin. Sultan Ƙansuh al-Gauri na Masar, wanda Hijaz ke ƙarƙashin kariyarsa, ya mutu a fagen daga watanni takwas kafin nan. Alƙahira ta faɗa hannun Sultan Salim na Daular Usmaniyya tun watan Janairu, kuma a cikin wannan Afrilu ne aka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a ƙofar Zuwaila. Tsohuwar daula ta rushe, sabuwar kuma hannunta bai riga ya iso Hijaz ba.

Nauyin tsaron Jidda sai ya faɗo a kan wani baƙo daga Bahar Rum, ma'aikacin daular da ta riga ta faɗi. Turkawa na kiran sa Selman Reis, Larabawa kuma Salman al-Rumi. Kalmar Reis laƙabi ce ta shugaban jirgi, daga Larabcin ra'is. Ya tsare garin, amma ladansa na farko kurkuku ne, kuma bayan shekara goma sha ɗaya abokin tafiyarsa ne ya kashe shi.

Garin da Makka ke ci ta bakinsa

Makka tana cikin kwarin da ba a noma. Tun zamanin Halifa Usman bin Affan, wanda ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a wajen shekarar 647, mafi yawan hatsin da mutanen birnin ke ci ta teku yake zuwa, musamman daga Masar. Ta Jidda alhazan Indiya da na gabashin Afirka da na tsibiran gabas ke sauka. Daga kuɗin fiton tashar ne Sharifan Makka da sarakunan Masar ke samun babban kaso na dukiyarsu.

Iska ce ta ba Jidda wannan matsayi. A wancan zamani manyan jiragen teku ba su da abin da ke tafiyar da su sai iska, wadda ke cika ƙyallayen da ake ɗaurawa a kan dogayen sanduna. A arewacin Bahar Maliya iskar daga arewa take busowa kusan duk shekara, saboda haka jirgin da ya taso daga Indiya da masoro da kanumfari da citta da kirfa yakan ƙare tafiyarsa a Jidda. A nan ake sauke kaya, a biya haraji, a loda su a ƙananan jiragen da suka saba da hanyar arewa. Daga Masar kuma 'yan kasuwar Venice ke saye su kai Turai.

Wanda ya riƙe Jidda, to ya riƙe abincin Makka da hanyar alhazanta da baitulmalin masu mulkinta. Turawan Fotugal sun fahimci haka da wuri.

Zuwan Fotugal

A 1498 Vasco da Gama ya zagaya kudancin Afirka ya isa Kalikut a gaɓar Indiya. Manufar ƙasarsa ita ce karkatar da cinikin kayan yaji zuwa Lisbon, ta hanyar toshe wa jiragen Musulmi hanyar Bahar Maliya. A tafiyarsa ta biyu, a 1502, ya tare wani babban jirgi mai suna Miri da ke komawa Indiya da alhazai. Ya kwashe dukiyar da ke ciki, sannan ya sa aka cinna masa wuta da ɗaruruwan mutane a ciki, har da mata da yara. Wani magatakarda ɗan Fotugal da ya ga abin da idonsa, Tomé Lopes, ya rubuta labarin.

Sultan al-Gauri ya tura wani kwamandansa, Amir Husaini al-Kurdi, ya gina wa Jidda ganuwa, ya kuma kai jiragen yaƙi Indiya. A 1508 rundunar Husaini da ta Gujarat suka yi nasara a Chaul, inda aka kashe Lourenço de Almeida, ɗan wakilin sarkin Fotugal a Indiya. Uban, Francisco de Almeida, ya ɗauki fansa a Diu ranar 3 ga Fabrairun 1509, ya ragargaza jiragen Masar. Husaini ya tsira da ƙyar.

Daga nan al'amura suka ƙara dagulewa. Afonso de Albuquerque ya kama Goa a 1510, ya kama Malaka a 1511. A 1513 ya kai wa Aden hari, bai ci ta ba, amma ya shiga Bahar Maliya ya yi zango a tsibirin Kamaran da ke kusa da gaɓar Yemen. Iska ce ta hana shi isa Jidda a wannan karo. Littafin da ɗansa ya wallafa a kan rayuwarsa ya ambaci wani buri da ya ƙulla, na sauke mahaya a gaɓar Hijaz su kai farmaki kabarin Manzon Allah (SAW), domin a yi amfani da hakan wajen neman a miƙa wa Kiristoci birnin Ƙudus. Burin bai wuce takarda ba, amma ya nuna irin tunanin da ke zukatan waɗanda suka tunkaro Hijaz.

Baƙo daga Bahar Rum

Salman mutumin tsibirin Midilli ne, wanda Girkawa ke kira Lesbos, tsibirin da shahararrun 'yan'uwan nan Barbarosa suka fito. A Bahar Rum ya koyi sana'arsa, a cikin jarumawan tekun da ke farautar jiragen abokan gaba, wani lokaci da izinin sarki, wani lokaci don kansu. A can ya ƙware da irin jirgin yaƙin wannan teku: dogo ne, siriri, ba ya nutsa sosai a ruwa, mutane da yawa ke tuƙa shi da hannu idan iska ta ɗauke, kuma manyan igoginsa a goshi suke.

Masar na da dukiya, amma ba ta da abubuwa uku da ake buƙata don yaƙin teku: katako da igwa da ƙwararrun matuƙa. Mamluk mahaya dawakai ne, suna ƙyamar bindiga, suna raina aikin jirgi. A 1510 mayaƙan Kirista na tsibirin Rodos suka tare jiragen da aka tura ɗauko katako a Ayas suka lalata su. Dole al-Gauri ya nemi taimakon Sultan Bayazid na Biyu na Usmaniyya, wanda ya aiko da katako da baƙin ƙarfe da igogi da albarushi. A bayan waɗannan kaya mutane suka biyo, kuma a cikinsu akwai Salman, wanda ya shiga hidimar Masar tare da mayaƙa kusan 2,000 daga ƙasashen Rum.

Aikin da aka ɗora masa a Suwez mai wuya ne ƙwarai. Babu mashigin ruwa tsakanin Bahar Rum da Bahar Maliya a lokacin. Sai an kawo katako ta teku zuwa Iskandariyya, a hau da shi Kogin Nilu zuwa Alƙahira, a sassaƙa, sannan raƙuma su ratsa hamada da shi guntu-guntu zuwa Suwez, inda ko ruwan sha sai an kawo daga nesa. Haka aka ja igogin tagulla masu nauyi a kan rairayi. Kowane jirgi da ya shiga ruwa a Suwez ya ci kuɗi da gumi ninkin abin da irinsa zai ci a Istanbul, kuma idan ya nutse ba a maye gurbinsa cikin shekara ɗaya. Salman bai taɓa manta wannan lissafi ba.

Rundunar da ba ta isa Indiya ba

A ƙarshen Satumban 1515 jirage 19 suka tashi daga Suwez da mutane kusan 3,000. Salman ke jagorancin jiragen, Husaini al-Kurdi kuma ya haɗu da su a matsayin wakilin sultan. Niyya ita ce a je Indiya a kori Fotugal. Suka tsaya a Kamaran suka gina sansani, domin kada abokan gaba su sake samun wurin zango a can.

A nan tafiyar ta karkace. Sarkin Yemen na gidan Tahir, Amir bin Abdulwahhab, ya ƙi ba rundunar abinci. Husaini ya juya makamansa a kansa. Mutanen Yemen ba su saba da bindiga ba, saboda haka birnin Zabid ya faɗi a tsakiyar 1516. Daga nan aka nufi Aden, wadda ita ce makullin Bahar Maliya ta kudu. Igogin Salman sun rushe wani sashe na ganuwar, amma gwamnan garin, Amir Marjan, ya dage, har maharan suka janye a watan Satumba.

Rundunar da aka gina don yaƙar Fotugal ta ƙare shekara guda tana yaƙar Musulmi, ba ta ko isa Indiya ba. Tsakanin Salman da Husaini kuma zama ya yi tsami, ɗaya yana taƙama da takardar sultan, ɗaya yana taƙama da jirage da mutanen da ke cikinsu. Suka koma Jidda, inda labari ya iske su cewa Sultan Salim ya karya rundunar Masar a Marj Dabiƙ, arewa da Halab, ranar 24 ga Agustan 1516, kuma al-Gauri ya mutu a wurin.

Husaini bai daɗe ba bayan ubangidansa. Mutanen Jidda sun riƙe shi a zuci saboda tsananin da ya nuna musu lokacin ginin ganuwa. A 1517 aka nutsar da shi a tekun garin. Marubutan Larabawa sun danganta umarnin ga Sultan Salim, na Fotugal kuma sun ɗora alhakin a kan Salman. Ganuwar da ya tilasta wa mutane ginawa ita ce ta taimaka wajen ceton su a wannan shekarar.

Kwanakin Afrilu

Lopo Soares ya taso daga Goa a watan Fabrairun 1517 da jirage sama da talatin, da umarnin ya nemo jiragen Masar ya hallaka su. Da ya isa Aden, sai Amir Marjan, wanda ganuwarsa ke a rushe tun harin Salman, ya yi masa tayin miƙa garin. Lopo Soares ya ɗage karɓa sai ya dawo, don yana gaggawar cim ma abin da aka aiko shi. Ya shiga Bahar Maliya, guguwa ta tarwatsa masa wasu jirage, sauran suka isa Jidda.

Jiragen Fotugal manya ne, masu tsayin gefe, an jera igogi a haƙarƙarinsu, an gina su don jure igiyar babban teku. A sarari, inda iska ke kaɗawa kuma akwai filin juyawa, jiragen tuƙi irin na Salman ba za su iya tsaya musu ba. Abin da ya faru a Diu shekara takwas kafin nan ya isa darasi. Salman ya ƙi fita.

Ya zaɓi ya bar tashar ta yi masa yaƙi. Gaban Jidda cike yake da duwatsun murjani da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, kuma hanya ɗaya ce mai aminci a tsakaninsu, siririya, mai lanƙwasa. Babban jirgin da iska ke turawa dole ya bi ta a hankali, ya juya a inda hanya ta juya, ba tare da ya sami damar fuskantar da igoginsa inda yake so ba. Salman ya ja jiragensa zuwa bakin gaɓa a ƙarƙashin ganuwa, goshinsu na duban mashigar. Ya jera manyan igogi a tudu, waɗanda ke jefa dalma da duwatsu masu nauyi zuwa nesa. Duk jirgin da ya shigo zai sha wuta tun kafin ya kai inda nasa igogin za su yi amfani, kuma idan ɗaya ya nutse a tsakiyar hanya ya toshe wa na bayansa.

Turawan suka gwada da ƙananan jiragensu, suka ƙona wasu jiragen da suka samu a wajen tashar, suka ɗanɗana wutar igogin gaɓa. Lopo Soares ya tara hafsoshinsa suka yi shawara. Wasu sun so a kutsa ko ta halin ƙaƙa, amma shi ya ga cewa zai iya rasa rundunar da ikon Fotugal a Indiya ya dogara a kanta. Bayan 'yan kwanaki ya ba da umarnin janyewa.

Janyewar ta fi yaƙin yi musu ɓarna. Iskar da za ta fitar da su daga Bahar Maliya ba ta zo ba tukuna, sai suka maƙale a Kamaran cikin tsananin zafi, abinci ya ƙare, ruwa ya yi ƙaranci, cuta ta kashe ɗaruruwa. A kan hanyar fita suka ƙona garin Zaila da ke gaɓar Somaliya. Da suka koma Aden don karɓar garin da aka yi musu tayi, sai suka tarar Amir Marjan ya gyara ganuwarsa, kuma maganar miƙa wuya ta wuce.

Ba a zubar da jini mai yawa a Jidda ba, shi ya sa wasu littattafai ke wucewa ta kan wannan karo da layi biyu. Masana tarihin yaƙin teku kuwa suna ɗaukar sa da muhimmanci. Ba'amurken nan John Guilmartin ya yi nazarinsa a littafinsa kan jiragen tuƙi da albarushi, a matsayin misalin yadda jirgin tuƙi da igwar tudu, idan suka haɗu a wurin da ya dace, ke iya hana manyan jiragen teku sakat.

Lada a kurkuku

A watan Yulin 1517 Sharif Barakat na Makka ya aika ɗansa Abu Numayyi, yaro ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha uku, ya je Alƙahira ya yi wa Sultan Salim mubaya'a. Salim ya ɗauki laƙabin Hadimin Masallatai Biyu Masu Alfarma. Hijaz ta shiga Daular Usmaniyya ba tare da an zare takobi ba, kuma ta shiga da tasharta a tsaye saboda aikin Salman.

Wannan bai wanke shi a idon Salim ba. A wurin sultan, Salman talakansa ne da ya ɗauki makami ya yi wa Mamluk hidima har zuwa lokacin da daulolin biyu ke yaƙi da juna. Aka kira shi Alƙahira, aka wuce da shi Istanbul, aka tsare shi bisa zargin rashin biyayya. Bai fito ba sai bayan rasuwar Salim a 1520, lokacin da ɗansa Sulaiman ya hau gadon mulki.

A shekarun da yake tsare, da waɗanda suka biyo baya, hankalin daular na kan Belgrade da Rodos. Jiragen da aka sha wahalar ginawa suna ajiye a Jidda, jiragen Fotugal kuma suna shiga bakin Bahar Maliya kusan kowace shekara suna tare 'yan kasuwa.

Rahoton 1525

Dama ta sake zuwa masa ta hanyar tawaye. A 1524 gwamnan Masar, Ahmad Pasha, ya ayyana kansa sarki, aka murƙushe shi. Sultan Sulaiman ya tura babban wazirinsa kuma amininsa, Ibrahim Pasha, ya je ya daidaita ƙasar. Ibrahim ya zauna a Alƙahira a 1525, yana bin diddigin kuɗin shiga, kuma bai daɗe ba ya ga girman asarar da toshe hanyar kayan yaji ke jawowa.

A wannan lokaci aka miƙa masa wani rahoto mai ɗauke da kwanan wata 10 ga Sha'aban 931, wato 2 ga Yunin 1525. Takardar tana ajiye a taskar fadar Topkapi a Istanbul, masana sun danganta ta ga Salman, kuma masanin tarihi Baturke Salih Özbaran ya fassara ta ya yi mata sharhi. Tana cikin tsofaffin takardun Usmaniyya da suka yi bayanin Tekun Indiya dalla-dalla.

Rahoton ya fara da lissafin abin da ke hannu, wato jirage 18 da igogin da ke Jidda, kowane da irinsa. Sannan ya bi sansanonin Fotugal ɗaya bayan ɗaya, daga Hurmuz zuwa Goa da Kochin har Malaka, yana nuna cewa mutanen da ke tsaron su kaɗan ne kuma sun warwatsu a kan nisa mai yawa. Ya bayyana Yemen a matsayin ƙasa mai arziki da ba ta da tsayayyen mai mulki. Ya nuna muhimmancin Aden, inda jiragen Indiya ke tsayawa. Ya juya ga gaɓar Afirka, ya yi maganar Sawakin da Habasha, yana jan hankali cewa Fotugal na neman gindin zama a can.

Abin da ke ƙarƙashin duk wannan lissafi shi ne darasin 1517. Jidda ta tsira a wancan karo, amma garin da ake jira abokin gaba ya zo ƙofarsa kafin a tare shi kullum yana cikin haɗari. A ganin Salman, tsaron Makka daga Bab al-Mandab yake farawa, wato ƙuƙumin mashigar da ke kudancin Bahar Maliya, kuma ba a riƙe wannan mashiga sai an riƙe Yemen.

Yemen, karo na ƙarshe

Ibrahim Pasha ya karɓi shawarar. Aka ba Salman jagorancin jiragen, aka ba wani hafsa mai suna Hairuddin al-Rumi jagorancin sojan ƙasa kusan 4,000. An sake maimaita tsarin 1515 ke nan: runduna ɗaya, shugabanni biyu, ba a fayyace wanda ke sama da wani ba.

Suka tashi a 1526, suka bi ta Jidda, suka sauka a gaɓar Yemen a farkon 1527. Zabid a lokacin tana hannun ragowar sojojin da aka bari tun zamanin Husaini, waɗanda suka zama sarakunan kansu a ƙarƙashin wani Mustafa Beg. Salman ya karya shi a watan Satumban 1527. Ya mayar da Kamaran mazaunin jiragensa, inda yake iya sa ido a kan duk abin da ke shiga da fita. Aden ba ta buɗe masa ƙofa ba, amma ta amince da fifikon sultan na Istanbul.

Na ɗan lokaci abin da ya tsara ya fara tabbata. Jiragen 'yan kasuwa suka ƙara samun ƙarfin gwiwar shigowa da kayan yaji, kuma masu mulki a gaɓar Indiya da Hurmuz suka fara aiko da saƙon neman taimako a kan Fotugal. Mutumin da ya fito daga kurkuku shekara bakwai kafin nan ya zama wanda ake dubawa daga ƙasashe masu nisa.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar a nan daga cikin gida ta zo. Saɓani ya tashi tsakanin Salman da Hairuddin a kan wanda ke da iko da ƙasar da aka ci da dukiyarta. A 1528 Hairuddin da mutanensa suka kashe shi, kuma an ruwaito cewa sun auka masa ne yana zaune yana wasan shaɗaranji.

Ɗan 'yar'uwarsa, Mustafa Bairam, ya ɗauki fansa ya kashe Hairuddin. Amma rundunar ta riga ta rabu, kuma Yemen ta sake komawa hannun masu rikici da juna. Mustafa ya kwashi igogi da mutanen kawunsa ya tafi Indiya. Ya isa Diu a farkon 1531, gab da lokacin da gwamnan Fotugal Nuno da Cunha ya kawo wa garin hari da babbar runduna, kuma igogin da ya zo da su sun taimaka wajen mayar da harin baya. Sultan Bahadur na Gujarat ya ba shi laƙabin Rumi Khan. Wani tsohon bawan Salman, Khoja Safar, wanda ya tafi tare da shi, ya zama babban mai faɗa a ji a Gujarat, har ya mutu yana yaƙar Fotugal a Diu a 1546.

Abin da ya biyo baya

Daular Usmaniyya ta aiwatar da abin da ke cikin rahoton 1525 sannu a hankali, a hannun wasu mutane. A 1538 Sulaiman Pasha al-Khadim ya fito daga Suwez da babbar runduna ya kama Aden, ko da yake ya kasa cin sansanin Fotugal a Diu. A 1557 Özdemir Pasha ya kama Masawa, ta shiga lardin Habash da aka riga aka kafa a gaɓar Afirka, Sawakin na cikinsa. Burin korar Fotugal daga Indiya bai cika ba, domin jiragen da suka yi amfani a tsakanin duwatsun Jidda ba su dace da faɗin babban teku ba. Fotugal ma ba ta cika nata burin ba. Ta kai hari har Suwez a 1541, amma Jidda ba ta taɓa faɗawa hannunta ba, kuma zuwa tsakiyar ƙarnin kayan yaji sun dawo suna bi ta Bahar Maliya da yawa.

A shekarar da Salman ya tare mashigar Jidda, Muhammadu Kisoke ne ke sarautar Kano, kuma alhazan Afirka ta Yamma galibi ta Alƙahira suke bi, kamar yadda Askiya Muhammadu na Songhai ya yi shekara ashirin kafin nan. A ƙarnonin baya hanyar gabas ta buɗe. Dubban Hausawa suka riƙa ratsa Borno da Wadai da Darfur a ƙafa, wasu su shekara da shekaru a hanya suna aiki suna tara guzuri, har su isa Sawakin su shiga jirgin da iska ke turawa ya tsallaka da su. Ta cikin waɗannan duwatsun murjani matuƙa ke lallaɓawa da su har gaɓar Jidda.

An rushe ganuwar Jidda a 1947 domin garin ya sami wurin faɗaɗa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, da sunan ƙofar Makka. Alhazan da ke sauka yau a filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz suna hawa mota ko jirgin ƙasa su isa Makka cikin sa'a ɗaya ko biyu, a kan hanyar da Lopo Soares ya zo daf da bakinta a 1517 ya juya.